Ƙwaya Ɗaya a Rami

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ƙwaƙwalwa, na san zai bar mini daminar da na fara shuka masara da igiya a gonarmu ta Zoza. Farkon shekarun casa'in ne, ina da aure da ɗa ɗaya, amma har lokacin a gandun mahaifina nake noma.

Gonar kakanmu babba ce a da, sai gado ya yi ta yanka ta har abin da ya zo hannun Baba bai taka kara ya karya ba. Mu kuwa kullum ƙaruwa muke, kusan kowace shekara sai an yi suna a gidan. Dawa da geron da muke samu ba sa kai mu tsakiyar damina, sai a kama dabba a kai kasuwa a auno hatsi. A haka garken ya ƙare, saura shanun huɗa guda biyu. Baba ya faɗa a gaban kowa cewa idan rumbu ya sake gazawa, su ma za su tafi. Manomin da ya sayar da shanun huɗarsa kuwa ya san baɗi sai ta fi bana wuya.

A bazarar nan wani malamin gona ya zo daga Ƙaraye a kan babur, da sabon irin masara da wata igiya mai ƙulli-ƙulli. Ya ce a miƙe ta a kan kunya, kowane ƙulli rami ɗaya, kowane rami ƙwaya ɗaya tak. Takin zamani kuma ba watsawa ake ba, a auna da murfin kwalba a binne a gefen kowace shuka. Dattawa suka saurara cikin ladabi, suka yi masa addu'a, yana tafiya suka fashe da dariya. Ni kaɗai abin ya shige ni. Na dami Baba har ya ba ni gonar bayan gida, inda shanu ke kwana da rani, wadda duk ta fi ƙarfi.

Ranar shuka na ga abin kunya. Ina durƙushe ina bin igiya, masu wucewa suna tsayawa su tambaya ko riga nake ɗinka wa gonar. Daga ranar sunana ya koma Tela, kuma har yau akwai tsofaffin da ba su san ni da wani suna ba. Baba kuwa yana tsaye a gindin ɗorawa yana kallon hannuna.

Washegari na tafi kasuwar Ƙaraye karɓo taki. Ashe ina juya baya, tsohon ya ɗauki ragowar irin ya bi rabin gonar na gabas, rami bayan rami, yana ƙara ƙwaya uku-uku, huɗu-huɗu. Ban sani ba sai bayan mako guda da tsiro ya fito. Yamma ga ta nan layi-layi, ɗaya-ɗaya, gabas kuwa cunkus kamar gero. Ina da zuciya a lokacin, ba na ɓoyewa. Na same shi yana ba shanu harawa, ko gaisuwar kirki ban yi ba na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Tun da nake ban taɓa ganin an bar ƙwaya ita kaɗai a rami kamar marainiya ba. Tsuntsu zai ci, gara za ta ci. Idan suka ɗauki ɗayar taka, me za ka ba mutanen gidan nan?"

Yanzu da girma ya zo mini na gane tsoro ne ya sa shi, tsoron mutumin da ya taɓa ganin yunwa da idonsa. A ranar kuwa gani nake ya kashe ni. Na ce zan bi in cire ƙarin, ya ce kada in taɓa, a bar ƙasa ta raba gardama. Malamin gona da ya zo ya gani ya riƙe baki, sannan ya ba ni shawara in yi wa ɓangarorin biyu hidima iri ɗaya. Haka na yi, ina yi ina ƙunƙuni, domin takin da aka auna wa shuka ɗaya ga shi huɗu suna rabawa.

Da masara ta fara goyo, magana ta ƙare. Ta yamma kara kauri, ganye har baƙi-baƙi don kore, kowane goyo ya kai damtsen mutum. Ta gabas ta yi tsawo a banza, siririya, goyon kamar ɗan yatsa, wani karan ma babu komai. Masu kirana Tela suka koma bi ta bayan gidanmu da sassafe, wai hanya ce ta kawo su.

Gab da girbi malamin gona ya tara manoma daga Ƙaraye da ƙauyukan Rogo su zo su gani. Duk haushin da na ji, ban so a yi wa mahaifina dariya ba. Na shimfiɗa tabarmi a can yamma, na tsara yadda za a zagaya ba tare da an bi ta gabas ba. Ana cikin yaba masara sai Baba ya miƙe da sandarsa ya ce kowa ya biyo shi. Ya kai su tsakiyar ɓangarensa, ya karyo goyo ɗaya ya ɗaga sama, ya sa aka miƙo masa ɗaya daga nawa ya haɗa su.

Ya ce, "Wannan aikina ne, na shekara hamsin ina noma. Wannan kuma na ɗana ne. Ku duba da kyau, kada wani ya maimaita abin da na yi."

Ba wanda ya yi dariya. Ni dai na sunkuyar da kai, hawaye na zuba, wani irin alfahari ya cika mini ƙirji wanda ban taɓa jin irinsa ba.

Rabin gonar nan na yamma ya ba mu abin da duka gonar ba ta taɓa bayarwa ba. Muka ci tuwon masara har sabon gero ya shigo, Inna tana mitar cewa ba ya riƙe ciki kamar na dawa, tana kuma ƙara malmala. Shanun huɗa suka kwana a turkensu. Da damina ta zagayo, gandun gaba ɗaya da igiya aka shuka shi, Baba ne ma ke riƙe bakinta ɗaya, kuma gidaje da dama a Zoza suka bi sahu.

Mutane kan ce ni na kawo wa garinmu noman masara, ina kuma jin daɗin hakan, ba zan yi ƙarya ba. Amma na san da ni kaɗai na yi ta magana, da har yau ana ce mini yaro ne da rawar kai. Abin da na koya shi ne, sabuwar dabara ba ta zama a gari sai babba ya yarda a ga kuskurensa a bainar jama'a. Ni na shuka masarar, amma tsohon da ya ɗaga ɗan ƙaramin goyon nan sama shi ya ciyar da mu.