Yadda Maigidana Ya Bi Hotonsa Yamai

Shekarar da maigidana ya tsaya takarar konseye, wato kansila, a Tarka, hoto ne ya ja mana magana. Shi ɗan kasuwar gero ne, ya ba sittin baya, kuma ranar Damargu ta gama aikinta a fuskarsa: kumatu sun faɗa, layuka biyu sun sauko daga gefen hanci zuwa haɓa kamar burtali. Ni ban taɓa ganin laifinsu ba, tare muka tsufa. Amma mai hoton da aka ba aikin a Damagaram mutum ne mai tausayi, sai ya goge komai. Da aka liƙa takardun a kasuwar Balbeji, sai ga wani saurayi sumul sanye da hular Alhaji.

Mutane suka riƙa tare shi a hanya. "Alhaji, Allah Ya ba ɗanka sa'a." Wata mai sayar da nono har ta tambaye ni ko yaron yana da aure.

Da farko dariya ya yi. Bayan kwana biyu sai na nemi madubina na rasa, na same shi a ɗakinsa. Ƙaninsa da ke aiki a Yamai ne ya ba shi labarin wata allura da ake yi wa manya a fuska, ta cike musu inda shekaru suka rarake. Na ce a sake buga hoto mana, a huta.

Ya ce, "Hajiya, takardun nan sun shiga kowane ƙauye. Fuska kuwa ɗaya ce. Wanne ya fi sauƙin gyara?"

Muka shaida wa dangi za mu Yamai a duba masa ido. Ni na raka shi, don na koyar a lakwal, makarantar boko, shekaru da yawa, ina jin Faransanci.

Likitar mace ce, ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce abin da za ta ɗura wani ruwa ne mai yauƙi, ana sa shi ƙarƙashin fata ya ɗaga wurin da ya lotsa. Ba ya dawo da ƙuruciya. Fuska za ta kumbura kwanakin farko, jini na iya kwanciya a wurin allurar. Kuma ba ya dawwama, a hankali jiki zai shanye shi. Ta ƙara da cewa ya guji rana da zafi har wurin ya lafa. Na fassara masa duka, har maganar rana, wadda gaya wa mutumin Damargu ita ya ba ni kunya. Yana ta gyaɗa kai. Da ta gama sai ya zaro takardar takararsa daga aljihu ya shimfiɗa a teburinta.

"Ki ce mata haka nake so."

Ta dubi hoton, ta dube shi, ta ce mini wannan aikin ya fi ƙarfin likita. Na ce masa ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta.

Alhaji mutum ne da ko zazzaɓi ya kayar da shi ba ya yarda da allura. Ran nan ya kwanta lamo, aka shafa masa maganin kashe zafi, aka yi ta soka masa a kumatu. Ya damƙe hannuna gam a gaban baƙuwa, abin da bai taɓa yi ba tun aurenmu. A duk tafiyar, wannan ne rabona.

Kafin motar ta kawo mu gida fuskar ta haye, gefen baki ya yi baƙi. Maƙwabciyata ta leƙo sannu da zuwa, ta dube shi, sannan ta dube ni da wani girmamawa da ban saba gani daga gare ta ba, kamar ni na yi masa wannan aika-aika. Ga shi washegari ranar kasuwa, zai yi wa jama'a jawabi. Sai ya naɗa rawani, ya ja amawali har ƙasan ido.

Abin ya yi wa Abzinawa makiyaya daɗi matuƙa. Suka ce yau ga Bahaushe mai kunya, wanda ya san ba a buɗe baki a gaban manya. Saboda magana tana ja masa kumatu, jawabinsa ya zama gajere, wannan kuma ya yi wa kowa daɗi. Da kumburin ya sace bai yarda ya sauke amawalin ba, ya ga yana da kasuwa. Haka ya ci zaɓe, ba wanda ya ga fuskar da aka je Yamai dominta.

Gaskiya aikin ya yi kyau. Bai zama saurayin hoto ba, amma ya yi kama da mutumin da ya sami barci da abinci. Nan matsalar take. Ranar da ya fara zuwa zaman majalisa fuska a buɗe, wani abokinsa dillalin raƙuma ya kama baki.

"Kai, Alhaji! Tun ba a zauna ba har an yi kumatu?"

Magana ta zaga gari cewa ya fara ci. Ba shi da bakin kare kansa, don gaskiyar ta fi zargin nauyi a wurinsa. Sai ya rage cin nama a bainar jama'a.

Sannu a hankali jiki ya shanye abinsa. Kumatu suka koma inda suka fito, layukan suka dawo mazauninsu. Sai ra'ayin gari ya juya. A bakin rijiya na ji mata suna cewa dubi yadda bawan Allah nan ya ƙare a kan hidimar jama'a, wannan kam bai ci ko sisi ba. Dattawan unguwa suka zo zaure suka roƙe shi ya sake tsayawa idan lokaci ya yi.

Da suka tafi ya shigo cikin gida ina tankaɗe. Na ce, "To Alhaji, a fara shirin Yamai ke nan?"

Ya shafa kumatunsa, ya yi ɗan tunani.

"A bari tukuna, Hajiya. Yanzu suna yi mini aiki."