Wasiƙar da Anti Rosnah Ta Sa wa Rana

Anti Rosnah tana juye kofi a faranti tana hurawa, kamar kullum, Mista Teo, sabon shugaban sashenmu, ya ajiye mata wasiƙa.

Shekara talatin da ɗaya Anti Rosnah ta yi tana buga amsoshi a ofishinmu na ciniki da ƙasashen waje, ni kuma ina teburin gefe ina jera takardu. Tsibirinmu ɗan mitsitsi ne, amma jiragen ruwa sun yi masa sarƙa a wuya. Ƙasashe maƙwabta masu faɗin gona da ƙarancin kuɗi kan rubuto mana: ku mara mana baya a gyara dokokin ciniki, barkononmu da shinkafarmu su yi daraja. Amsa uku gare mu, ta haddace su. "Mun ji." "Mun ji da kyau." "Mun ji da kyau ƙwarai." Ta ukun nan ita ce a'a, an dai shafa mata turare.

Ran nan saura mata kwana huɗu ta yi ritaya. Wasiƙar kuwa ta neman zaman tattaunawa ce, karo na shida, daga ƙasa ɗaya.

"Ta uku, Anti," in ji Teo.

"Teo, ɗana, mutumin da ya fara rubuto wannan ya mutu. Yanzu mataimakinsa ne, shi ma na ji ya yi furfura."

"Ba mu ƙi ba ai. Muna nazari."

"Nazarin nan da mace ce, da ta aurar da 'ya'ya."

Na sunkuyar da kai cikin takardu don kada ya ga haƙorana.

"To me kike so, Anti? Mu canza duniya kafin abincin rana?"

"Wa ya ce duniya? Rana nake so. A ce musu ku zo ran kaza. Kujera da shayi ba su taɓa talauta kowa ba. Ban son in bar kujerar nan ban taɓa buga kwanan wata a amsa ba."

Teo ya kalli jiragen ruwan da ke layi ta taga. Ya ja kalanda.

"Laraba, sha huɗu. Awa ɗaya. Ban yi alkawarin komai ba fa."

"Wa ya tambaye ka?"

Yatsunta suka sauka a kan tafireta kamar ruwan farko a kan kwano. Ta miƙa masa biro, ya sa hannu. Ba ta jira masinja ba. Ta gyara mayafinta, ta riƙe ambulan da hannu biyu, ta fice tun bai sake tunani ba.