Kaskon Iya Kande

Wata safiyar Alhamis ce cikin marka, shekarar da nake famfara, a ƙauyenmu kusa da Gozaki. Ruwa ya kwana yana zuba, tsakar gida duk taɓo, ina tsugune gaban murhu ina tona toka da kara, sai ga Iya Kande ta yi sallama, ta rufa tsohon buhu a ka, fasasshen kaskonta a hannu. Tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai bayan rumbunanmu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun tafi Kudu neman abinci. Kullum da safe takan zo ɗibar wuta. Ta dube ni ta ce, "Ke mai giɓi, wutarku ta kwana ko ta bi ruwa?"

A lokacin ba a wasa da wuta. Ashana sai ranar kasuwa, Innarmu kuma cikin ƙullin tsumma take ɓoye ta saboda sanyi. Da rani mu muke tara karan dawa da na auduga, mu tsinto busasshen kashin shanu inda makiyaya suka tashi, a jibge a rumfa don damina. Inna ta koya mini in jiƙa wake tun kafin a ɗora, in rufe tukunya, in zare icce da zarar tuwo ya nuna, in ɗora ruwan wanka a kan sauran zafin. In ta ga wuta tana ci babu komai a kai, sai ta ce, "Talatu, wa kike dafa wa? Iska?" Babban aikina shi ne binne garwashi cikin toka da yamma, don a wayi gari da wuta. In na yi wannan, sannan a bar ni in tafi gaɗa.

Iya Kande ba ta ɗibar wuta ta juya. Takan zauna kan kifaffen turmi, ta taya Inna ɓarar gyaɗa, a miƙa mata koko ta ce ta ƙoshi, sannan ta sha. Kafin ta tashi garwashin kaskonta ya mutu, sai an sake zuba mata. To, ran nan da za ta koma santsi ya kwashe ta a bakin zaure, ta faɗi, gwiwarta ta goge. Tausayinta ya kama ni. Da la'asar na ɗauki guntun iccen kirya da kashin shanu na tafi ɗakinta. Da na tona murhunta na tarar da jan garwashi a ƙarƙashin toka, amma yarinta ba ta bar ni na gane komai ba. Na binne mata wuta yadda aka koya mini, na ce, "Iya, kin huta da zuwa gidanmu. Kullum ni zan riƙa binne miki." Ta dube ni ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Na dawo ina faɗa wa kowa abin kirkin da na yi.

Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka. Mace ce mai kunya, ba za ta shiga gidan mutane lokacin karin kumallo babu dalili ba, kada a ce kwaɗayi ya kawo ta. Inna ta ce mini, "Tun ba a haife ni ba Iya Kande ta iya binne wuta." Ta je har ɗaki ta roƙe ta. Bayan nan takan leƙo jefi-jefi, ta gaisa daga tsaye ta wuce. Ba ta sake zama kan turmin nan ba har ta rasu, bayan an yanke dawa.

Yau ina Funtua, ina faɗa ana rubutawa, don ni ban yi karatu ba. Maigidana Malam ya rasu bara waccan, har yanzu in na tuna sai na yi hawaye. Bayan rasuwarsa matan maƙwabta ne suka riƙe ni. Wannan ta kawo zoɓo ta sa a firjina, waccan ta kawo waya caji, a zauna a taɓa hira. Da ɗana Sani ya zo daga Kaduna, ya ga katin mitar lantarki ba ya daɗewa, sai ya canza ƙwayayen fitila, ya sayo mini fitila mai caji da rana, ya zare firjin. Ya ce, "Hajiya, ke kaɗai me za ki sa a ciki?" Ya kuma ba maƙwabta haƙuri cikin ladabi, ya ce a daina kawo caji. Don ni ya yi, na sani, ni ma albarka na sa masa.

Yanzu kati yana kai ni wata biyu. In hantsi ya yi nakan shimfiɗa tabarma kusa da ƙofa, ina jin muryoyin maƙwabta suna wucewa. Ashe akwai asarar da gida yake bukata.