Ranar Da Yaya Ta Ƙi Faɗin Sunana

Edita, a lokacin da wannan abu ya same ni saurayi ne ni mai gyaran injin ban ruwa a Wudil. Ina da 'yar rumfar kwano kusa da gada, kuma manoman rani tun daga bakin kogi har Darki sun san hannuna. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba. Wanda ya karanta har ƙarshe zai gane abin da ya sa maganar suna take mini nauyi.

Ni ɗan fari ne. Ana yaye ni aka miƙa ni wajen kakata ta wajen uwa, wadda muke ce wa Iya, can ƙasar gabas. A hannunta na girma, a can na koyi sana'a, har harshena ya karye irin na mutanen can. Sai da mahaifina ya rasu na dawo ƙauyenmu don in riƙe gida. Mahaifiyata Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Ita kuwa ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kallona a gaban mutane, idan ta zuba tuwo sai ta ce wa ƙanwata ta kai wa mutumin can. Na san kunya ce irin ta iyayenmu, na kuma san naman da ya fi kyau a tukunya kwanona yake faɗawa. Duk da haka abin yana ci mini rai, saboda ban tashi a gabanta ba. Allah Ya yafe mini, na taɓa roƙonsa a sujada Ya nuna mini ranar da zan ji sunana a bakinta. Da na san hanyar da amsar za ta biyo, da na haɗiye addu'ar nan.

Muna da wani maƙwabci sa'an mahaifina, Baba muke ce masa. Shi yake noma fadamarmu aro tun da mahaifina ya kwanta ciwo. Da na gaya masa in ya cire albasarsa zan karɓi wurin, sai ya yi murmushi ya ce ai haƙƙina ne, har da sa mini albarka. Kowa a ƙauyen ya san yana kai rahoto wata hukumar tsaro, ba zan ce wacce ba, don ya taɓa yin masinja a birni ya tsinci Turanci. Shekarun nan ne kuma da tashin hankali ya yi yawa, duk wanda aka ji harshensa na gabas ne sai an kalle shi sau biyu.

Wata Juma'a da hantsi, kasuwa ta cika, ina tsugune ina kwance wani inji, sai ga mutane uku ba kayan sarki a jikinsu. Suka kwashe wayoyi da guntayen bututun da ke rumfar, suka sa mini ankwa ta baya. Suka ce an ba su labari ni ba ɗan yankin ba ne, turo ni aka yi na ɓoye a cikin jama'a da sunan gyaran inji. Ogansu ba ya jin Hausa ko zo in kashe ka. Da ɗan Turancin da na iya na rantse masa mahaifiyata tana raye, ƙauyenmu kuma ba nisa. Zan faɗi gaskiya a kansa, ya yarda a je a gani. Da aka tura ni mota na ga Baba zaune a gaba, wai shi ne tafinta, sai na ji sanyi a raina. Na ce shi ke nan na tsira, tunda wannan mutumin ya ci naman ragon sunana.

A zauren gidanmu aka tsayar da ni. Maza sun taru, har da yayyen mahaifina, wato surukanta, aka aika Yaya ta fito. Kafin ta ƙaraso Baba ya tare ta ya ce kar ta damu, baƙi ne daga gwamnati suna 'yan tambayoyi. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Da ta ɗaga ido sau ɗaya da ta ga yadda hannuwana suke, amma Yaya ba ta kallona a cikin mutane. Oga ya ce a tambaye ta ko ni ɗanta ne. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce ɗan Iya ne. Ya ce ta faɗi sunana. Ta yi shiru, ta ƙara sunkuyar da kai. Na ce mata Yaya don Allah ta faɗa, maganar babba ce. Oga ya kama kalmar Yaya, ya tambayi Baba me take nufi. Baba ya ce masa babbar 'yar uwa ke nan. Ya ƙara da cewa matar ta ce ba ita ta haife ni ba, ɗan wata ne, sunana ma ba ta sani ba. Da kunnena na ji, kuma na gane kowace kalma. Na buɗe baki zan yi bayani aka ɗauke ni da mari. Dattawan da ke wurin ba mai jin Turanci, suna ganin mari kowa ya ja da baya. Oga ya rubuta abin da aka gaya masa, aka mayar da ni mota.

Ba zan ba da labarin inda aka kai ni dalla-dalla ba. Ɗaki ne da ba a gane rana sai ta ƙarƙashin ƙofa. Duk wanda ya zo yi mini tambaya da magana ɗaya yake farawa, wai mutumin da uwar da yake iƙirari ta ce ba ta san shi ba, me kuma zai ce. Na yi bayanin kunyar ɗan fari har muryata ta dushe. Wasu su yi dariya, wasu su ce na iya tsara ƙarya. Ba a kai ni kotu ba, ba a sake komawa ƙauyenmu ba, ba wanda ya ga ya dace a tambayi wani Bahaushe na biyu. Layi ɗaya da maƙiyina ya fassara shi ya zama ni. Tsawon zamana a can kuwa, mangwaron da na dasa a tsakar gida na bar shi yana kai mini gwiwa, da na dawo 'ya'yansa aka yanka mini. Abin da ya riƙe ni ban haukace ba shi ne fuskar Baba. Kullum in na idar da salla sai na kawo ta gabana, in roƙi Allah kar Ya kashe shi kafin in fito.

Daga baya muka fara jin masu gadi suna ƙorafin an yi sabbin shugabanni, wai za a gyara aikin, a daina tsare mutum a kan maganar ɗan rahoto guda, a kuma duba duk waɗanda aka manta da su. Ban sa abin a raina ba. Sai wata rana aka kai ni gaban wata jami'a matashiya, ga na'urar ɗaukar hoton yatsa a kan teburinta. Ta yi mini sallama da Hausar Kano tsantsa. Ta karanta layin nan, ta sake karantawa, sannan ta tambaye ni ko ni ɗan fari ne. Na ce e. Ta tambayi me nake kiran mahaifiyata. Da na gaya mata sai ta ajiye biro ta dafe kai. Ta ce ita ma 'yar fari ce, har ta yi aure ba ta ji sunanta a bakin uwarta ba. Ta ɗora yatsana a kan na'urar, sai ga hotona da garinmu da komai, tun rajistar da na yi ta katin zaɓe. Kafin shayin da aka kawo mata ya huce an gama binciken da aka kasa yi a shekaru. Ta ba ni haƙuri da baki, na karɓa don ita ba ta yi mini komai ba.

Abin da na tarar a gida ya fi ɗakin nan zafi. Ƙanwata ta gaya mini ranar da mota ta tashi da ni, da Yaya ta ga ankwa a hannuna daga baya, ta yar da mayafi ta bi motar da gudu tana kwala kiran sunana, a gaban surukanta da kowa. Tun daga ranar ba ta daina ba. Duk ofishin da aka ce mata akwai masu kaki sai ta je, ta tsaya a bakin ƙofa tana faɗa wa duk mai wucewa sunana, tana cewa ɗanta ne, ita ta haife shi, a je a gyara abin da aka rubuta. Yara suka fara ce mata mahaukaciya. Matar da a da ko tari ba a ji daga ɗakinta. Da na shiga gida ta kama fuskata da hannu biyu tana ta maimaita sunan. Har yau haka take. In na fita sai ta kira shi, in na dawo sai ta kira shi, in ta ji ƙarar mota sai ta fito ta riƙe rigata tana gaya wa direba ko ni wane ne. Addu'ata ta karɓu, kuma duk kiran da ta yi ji nake kamar an zuba mini garwashi a ƙirji.

Baba kuwa yana nan, ya ƙara ƙiba, albasarsa na ta kyau a fadamarmu. Bayan kwana biyu ya zo da liman da dattawa, wai a yafi juna, wai shi ma tsoro ne ya kama shi harshensa ya sarƙe. Na bar shi ya gama. Sannan na kira shi da sunan yankansa, ba Baba ba Malam, a gaban 'ya'yansa da surukansa, na ce ya fita daga zauren ubana. Liman ya ce in ji tsoron Allah, na ce tsoron Allah ne ya sa hannuna yake aljihu. Na kai ƙararsa ofishin koke-koke da hukumar ta buɗe a cikin gyaran nata. Ranar da aka zauna, aka sa shi ya maimaita da Hausa abin da Yaya ta faɗa da abin da shi ya fassara, tana zaune tana ji. An kore shi daga aikinsu, fadama ta dawo hannuna. Mutane suna cewa ya isa haka. Ni bai ishe ni ba. Duk Juma'a nakan jira shi a ƙofar masallaci in gaishe shi da sunansa tsirara da ƙarfi, yadda kowa zai waiwayo ya tuna. Yanzu ya koma bi ta ƙofar baya, ni ma na koma can.

Ina roƙon masu gyaran hukumomin tsaro su ji wannan. Na'ura ce ta tabbatar da ni, amma ba ita ta cece ni ba. Wadda ta san abin da shirun uwa yake nufi ita ta fara gane gaskiya. Kar a sake tura jami'i cikin mutanen da bai san harshensu da al'adarsu ba, a bar ransu a bakin tafinta guda wanda ba a san abin da ke tsakaninsa da su ba. Iyayenmu mata kuma, kunya ado ce, amma in baƙo ya zo da tambaya a kan ɗanku ku ɗaga kai ku dube shi, ku faɗi sunansa. 'Yan fari 'yan uwana, kar ku yi irin wautata, shirun nan ƙauna ce, ni sai da na rasa shi na sani. Masu kai rahoto don cin gonar wani kuwa, ku sani wanda kuka binne da rai yana iya dawowa, kuma ba ya mantuwa. Masu tambayata yaushe zan yafe wa mutumin nan, ga amsata. Ranar da Yaya ta zuba tuwo, ta kau da kai, ta ce wa ƙanwata ta kai wa mutumin can, ranar zan fara tunani. Jiya ma da na fito zan tafi rumfa, har bakin titi ta biyo ni tana kiran sunana.