Goggo Mai Guga da Ɗingishin Saja

Jama'a a gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Zan gabatar muku da Babbar Kwamandar Dutsen Guga, Dodon yamutsattsen wando, wadda kwalar riga ke hango ta ta miƙe tsaye don ladabi: Goggona, yayar mahaifina, 'yar fari a wurin kakanmu Saja.

Fadarta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. A ciki akwai tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, da igiyar rataye kaya, da duwatsun guga na gawayi. Na lantarkin da ɗanta ya sayo mata, ƙofa take tokarewa da shi. Ba ta gwada zafi da yatsa. Kusa da kumatunta take kai dutsen, ta ɗan yi shiru kamar yana raɗa mata magana, sannan ta ɗora.

Tana yarinya Saja ya dawo daga yaƙi da tsaraba iri biyu: rigar kaki mai aljihu huɗu, da harsashi a gwiwa. A kan rigar nan ya koya mata guga. In kari ya karkace sai ya tsoma rigar a ruwa, ya ce a sake daga farko. Da wannan hannu ta ciyar da ƙannenta, ta yi jinyar miji har ta binne shi, ta sa 'ya'ya a makaranta. Rigar tana nan rataye a bayan ƙofa cikin leda. Ran da ba aiki sai ta sauko da ita ta goge, ko da babu inda ta yamutse.

Harsashin kuwa shi ya fi yaɗuwa. Saja yana ɗingishi, 'ya'yansa maza suka koyi tafiya riƙe da gefen rigarsa, sai duk suka tashi suna jan ƙafa. An kai su asibiti, likita ya ce garau suke. Jikoki suka ɗauka a wurin ubanninsu. Yau in ka hango mutum daga ƙarshen layi yana tafe kamar kujera mai gajeriyar ƙafa, ɗan gidanmu ne.

Na ce gidanmu, amma ban da ni. Ina goye mahaifina ya rasu, na tashi a dangin uwa, mutanen da ke tafiya sak kamar an ja zare. Da na dawo, na zama mai ɗebo wa Goggo gawayi, kuma duk hirarmu ba ta wuce "miƙo" da "matsa."

Sai ga Tabarau, ɗan baffana, ya dawo daga jami'a wai zai tono tarihin zuriya. Ya zauna a kan bencina, ya danna waya, ya ce, "Goggo, ba mu labarin Kaka." Na yi dariya a raina, na ce yaro zai sha "matsa." Ai kuwa bakin Goggo ya buɗe kamar famfon da aka gyara. Ta ba shi labarin uban Saja mai haƙar rijiya, da uwarsa da ta ɓoye masa takalma don kada ya shiga soja, amma ya tafi ƙafa ba takalmi. Ta faɗi yadda ya goyo abokinsa daga bakin daga, da yadda ya daina cin nama bayan ya dawo. Ni ina tsugune ina fifita garwashi, hayaƙi na shiga idona, shi yana gyaɗa kai yana cewa "ikon Allah."

Na ce, "Goggo, ni me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba?"

Ta ce, "Ka taɓa yin shiru?"

Wannan ban damu ba sosai. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne in Tabarau ya miƙe zai tafi. Tsofaffin layi su bi shi da kallo, su ce, "Allahu akbar, Saja bai mutu ba." Tabarau ɗin da ko kyankyaso ya gani sai ya hau tebur. Ɗingishin ma bai sha wahalarsa ba, a kwance ya same shi.

Ana haka Goggo ta ce hannunta ya fara rawa, tana tsoron wata rana ta ƙona rigar, don haka za ta ba ɗaya daga cikin jikoki. Ba ta faɗi suna ba, amma na ga Tabarau yana goge gilashinsa yana murmushi. Na rantse a raina ba zan tsaya ina kallo ba.

Na koma bencin mai aski na kafa makaranta. Duk lokacin da Tabarau ya taho daga ƙarshen layi, sai in zuba masa ido, ina kwaikwayonsa kamar madubi: ya karkata nan, in karkata nan. Don kada in manta, na saka tsakuwa a takalmi. Mai aski ya ce, "Kai, ƙusa ka taka ko aljanu?" Na ce, "Gado ne, yanzu ya taso min." Ya ce gadon da ke tasowa bayan gemu ya fito, a kai shi asibiti. Ban kula shi ba. Na yi ta yi har gwiwar ta fara ciwo da gaske, na ji daɗi, na ce jini ya amsa.

Ran da za a ba da rigar na sa kayana masu kyau. Na tarar Goggo ta shimfiɗa ta a tebur tana yi mata gugar ƙarshe, Tabarau na gefe da wayarsa. Na shigo a hankali, ina jan ƙafa, ina cije leɓe. Na zaga teburin don kowa ya gani, na tsaya na ƙame.

Na ce, "Goggo, dubi abin da Allah ya yi. An raba ni da gidan nan tun ina goye, amma jini ya biyo ni har ya kamo ni. Ga jikan Saja na gaskiya a gabanki."

Tabarau ya cire gilashi ya dubi ƙafata, ya dubi tasa, ya rufe baki da hannu. Goggo ba ta ɗago ba. Ta bi kwala, ta bi aljihu ɗaya bayan ɗaya, ta ninke rigar, ta ɗora wa Tabarau a hannu biyu.

Ta ce, "Ɗaya ƙafar ce."

Na duba ƙasa. Shi ƙafar dama yake ja, ni hagu. Duk zaman nan fuska da fuska nake kallonsa.

Na cire takalmi na zazzage tsakuwar. Na ce, "To Goggo, ni ban gaji komai ba ke nan a wurinsa?"

Ta kai dutsen kusa da kumatunta, ta ji ya huce.

"Ka gaji bakinsa. Da a nan harsashin ya same shi, da duk mun huta. Miƙo gawayi."