Buton da na sa wa fedal ɗin Yaya

Ranar wata Alhamis, a shekarar da soja suka karɓi mulki gero kuma ya gagari talaka, na ƙona yatsa a maƙerar Babana a unguwar Dagmanet, ban ko ji zafin ba. Shekarata goma sha biyu. A gabana ga fedal ɗin yayana Alhusaini, ɗan akwatin ƙarfen da yake takawa gitarsa ta sake murya, an buɗe cikinsa.

Baba maƙerin azurfa ne. Fari ya kashe dabbobin masu sayen kayansa, baƙi sun daina zuwa. Awakinmu biyu kwali suke ci, ni nake tsinto musu a kasuwa bayan na ɗebo ruwa. Lakkwal, makarantar boko, ban taɓa shiga ba. Zugazugi na sani, da share toka, da ƴar carafke a ƙofar gida. Baba ya riga ya yanke magana: akwai biki ranar Asabar, in kiɗan Yaya bai jawo wani kiran ba, Yaya ya hau kamyo, babbar motar zuwa Libiya, kamar sauran samari.

Damuwar Yaya ɗaya ce. Cikin fedal akwai ƴan ƙwayoyin gilashi biyu, diyod ake ce musu, su ke datse kan sauti ya fito da kaushi mai daɗi. Sai dai ba ƙarfi, mata na fara guɗa gitar ta nutse. Wani mai gyaran radiyo ya gaya masa jajayen fitilun nan na sharjar tarho su ma diyod ne, kuma sun fi ɗaga murya. Ya zana masa a kwali: buto, wato makunni, mai ƙafa uku, ta tsakiya ta shiga gurbin na dā, gilashi a dama, jajaye a hagu, kowane biyu a kwance kai da ƙafa.

Baba ya ce yana liƙin ƙarfe tun ba a haifi mai radiyon ba. Ya kama su da awartaki ya hura musu harshen wuta, kamar mai haɗa zobe. Gilashin ya yi baƙi, ya fashe. Yaya ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

"Azurfa ba ta taɓa yi mini haka ba," in ji Baba, ya wuce masallaci.

Inna ta ɗauko tsohon radiyonta ta ajiye gabanmu, ta ce mu farke shi, labaran da yake ba ta ma ba masu daɗi ba ne. Muka sami gilashi biyu a ciki. Sai na ture Yaya gefe na zauna. Na soka ƙusa cikin gawayi ta yi zafi, na riƙe ƙafar diyod da awartaki don ya shanye zafin, na ɗiga dalma. Taɓawa ɗaya in ɗaga. A liƙi na ƙarshe ƙusar ta goge ni a yatsa.

Muka jona ampili, akwatin ƙara sauti, a batir ɗin mota. Buto a dama, murya ta fito da laushi yadda muka santa. Yaya ya tura shi hagu ya bugi tsarkiya. Jajayen suka ƙifta, awaki suka tsinke igiya, yaran unguwa suka hau katanga. Na dinga tsalle ina nuna musu yatsana.

Ranar Asabar bayan la'asar ya yi waƙarsa buto na gefen gilashi. Guɗa na tashi ya sa babban yatsan ƙafa ya ture buton, gitar ta hau kan guɗar ta zauna. Tsofaffi ma suka miƙe. Kafin magariba mata biyu sun zo sun tsai da ranakun bukukuwansu. Baba yana bayan katanga, wai wucewa yake yi. Da muka dawo gida abin da ya ce kawai shi ne, "Kamyo ya tafi da masu tafiya."

Yanzu samari suna sayen fedal mai buto goma, in ya mutu su yar, ba mai leƙa cikinsa. Yaya ya ƙara shekara huɗu a gida kafin zinariyar Djado ta ja shi, na bi shi ina dafa wa masu haƙa abinci. Ni kaɗai na dawo. Shekaru huɗun nan su ne rabona da shi, kuma da hannuna na samo su.