Ƙaho a Wuyan Goggo

Jijiyoyi biyu suka miƙe a wuyan Goggona kamar igiya. Tsufa ne kawai, amma maƙwabciya ta ce mataccen jini ne, ƙaho zai kwantar da su. Shekarar Shari'a ce, kowa na kaffa-kaffa, sai muka ce wa mijin Goggo, Malam, dubiya za mu Kabo, muka zarce wurin wanzami.

Ni na ɗage mata hijabi, wanzami ya tsaga. Jini ya ƙi tsayawa, Goggo ta sulale a jikina.

"Ke 'yar boko, danne mana!" in ji shi. Na kasa.

Da ƙyar ta farfaɗo. Tun ranar, don ɓoye tabon, ko a tsakar gida ba ta cire hijabi. Malam kuwa sai yabon tsoron Allahnta yake a gabana, ni ko ido ba na iya ɗagawa.